Mutum na Goma Sha Ɗaya a Rumfar Kettula

Fulas ɗin kofi. Littafin rubutu da biro biyu. Shebur. Kwafin takardar sakamakon rumfar zaɓen Kettula. Littafin rumfa. Wani shuɗin akwatin roba da abu ɗaya ya ɓace daga cikinsa.

Abin da Sufeto Delmar Rustad ya ɗauko ke nan a motarsa ranar Laraba da hantsi, yana biye da motar share ƙanƙara a hanyar arewa. Mil ashirin da biyu ne daga hedikwatar gunduma zuwa Kettula. Ya riga ya ci mil sha huɗu.

Da ƙarfe tara da rabi ne Loretta Wieber, mai kula da harkar zaɓe a gunduma, ta kira shi ofishinta. Ta buɗe akwatin a gabansa.

"Ƙuri'u suna nan, hatiminsu bai motsa ba. Ambulan ɗin sababbin masu rajista ne babu."

"Me ke ciki?"

"Fom goma sha ɗaya, da takardun rantsuwa, da shafin da suka sa hannu a kai. Duka wuri ɗaya."

"Wa ya kawo akwatin?"

"Aili Koskela da Wendell Pribyl, yau da safe. Jiya ƙanƙara ta rufe hanya, ni na ce su kulle shi a zauren su je su kwanta. Da na sani!"

A jiharmu mutum na iya wayar gari ranar zaɓe ba shi da rajista, ya je rumfa, ya cike fom a tebur, a miƙa masa ƙuri'a nan take. In ba shi da takardar da ke nuna inda yake zaune, maƙwabcinsa mai rajista a rumfar sai ya rantse masa. Mutum ɗaya na iya rantse wa takwas. Wanda ya rantse a kan ƙarya na iya shan shekara biyar a gidan yari.

Ranar Talata wata mata, Graciela Olvera, ta rantse wa mutum takwas cif, dukansu ma'aikatan gonar shanun madara. A ranar kuma Vern Stangl ya rasa kujerar kansilan gunduma da ƙuri'a shida. Tun kafin akwatin ya iso ya shigar da ƙorafi cewa mutanen takwas na bogi ne.

"Mai gabatar da ƙara na son a ba shi suna kafin Juma'a," in ji Loretta. "Kuma suna ɗaya ne a bakinsa. In takardun nan ba su fito ba, Del, matar nan za a tuhuma."

Zauren taron Kettula ɗaki ɗaya ne na katako, da ƙofa a gaba da wata a baya. Wendell Pribyl na jiransa a ciki. Shekara talatin ya yi yana raba wasiƙu a yankin kafin ya yi ritaya.

Sufeto ya duba ƙofofin biyu da tagogi. Ba a ɓalle komai ba.

"Makulli nawa ne?"

"Biyu. Ɗaya a hannun Aili, ita ce shugabar rumfa. Ɗaya a hannuna, saboda ni ke kula da injin ɗumama ɗaki."

"Ku nawa kuka yi aiki?"

"Uku. Ni, da Aili, da Bernice Lehto."

"Lissafa min waɗanda suka yi rajista jiya."

Wendell ya soma naɗe yatsu. Ya kira sunayen mutanen Graciela takwas, har da lambar gidan kowa. Ya ƙara da miji da mata da suka sayi tsohuwar gonar Niemi.

"Goma ke nan," in ji Sufeto.

"To, goma ne."

"Takardar sakamako ta ce sha ɗaya."

"An dai yi kuskure."

"Rubutun wa ne wannan?"

Wendell ya gyara tabarau. "Na Aili."

"Ka taɓa ganin Malama Koskela ta yi kuskuren lissafi?"

"Kai ma ai ta koyar da kai. Ka fi ni sanin amsa."

"Ka bar teburin jiya?"

"Ni? Ko leƙa waje ban yi ba."

Sufeto ya buɗe littafin rumfa, ya juya masa shi. Ƙarfe biyu da minti goma, an rubuta cewa an kai wa Toivo Saari ƙuri'a a mota. Ƙa'ida ce. In mai zaɓe ba ya iya shigowa, jami'ai biyu na jam'iyyu daban su fita su same shi.

"Af, wannan," in ji Wendell. "Minti biyar ne."

"Wendell."

"To, ashirin. Ko da biyar. Tun da mota ta buge mutumin nan yake kan keken guragu, ba ya ganin kowa. Ya kama mu da hira, matarsa ta zuba mana kofi. Sai in ce masa ya yi shiru? Kada dai ka rubuta wannan, Loretta za ta cinye ni ɗanye."

"Wa ya rage a ciki?"

"Aili kaɗai. Ba kowa a layi lokacin."

Sufeto ya rubuta, duk da roƙon.

Shagon kofi ɗaya ne a Kettula. Vern Stangl, dillalin taraktoci, ya kame teburin tsakiya da mutanensa.

"A'a, ga ɗan birni ya iso!" in ji shi. "Shekara sha takwas a Minneapolis, bari mu ga abin da suka koya maka. Ka kamo ta?"

"Wa?"

"Kada ka raina min hankali. Matar da ta ciko mota da mutane kamar za a kai su kasuwa. Wa ya san su? Wa ya san ubansu?"

"Wendell ya san lambar gidan kowannensu."

"Wendell ko kare ya gaishe shi zai ba shi ƙuri'a."

Aka yi dariya. Sufeto ya ja kujera ya zauna.

"Kai fa, Vern, ina kake da asubar yau?"

"A gadona, ina baƙin ciki. Tambayi matata, ita ma ban bar ta ta yi barci ba." Ya turo kofinsa gefe. "In shaida kake nema, ga ta. Surukina ne ke tuƙa motar share ƙanƙara. Ƙarfe biyar na asuba ya ga farar motar matar nan tsaye a bakin zauren. Me take nema a can? Ta je ne ta kwashe takardun kafin a duba su a ga ƙaryarta."

"Ba ta da makulli."

"Irin su suna buƙatar makulli?"

Sufeto ya dube shi har sai da Vern ya ɗauki kofinsa ya kurɓa.

Gidajen ma'aikatan gonar jere suke a bayan shingen shanu. An jefi tagar na uku da ƙwai, sanyi ya daskarar da shi a jikin gilashi. Graciela Olvera ta buɗe ƙofa da kayan aiki a jikinta.

"Ba ki je aiki ba?"

"Na je. Mai gona ya ce in zauna a gida har ƙura ta lafa. Shekara sha ɗaya ina tatsar masa shanu." Ta nuna masa kujera. "Zauna, Yallaɓai. Tun safe waya ke ƙara. Ɗaya ya ce in koma ƙasarmu. Na ce masa jihar Texas ce, a cikin ƙasar nan, a can aka haife ni, a can aka haifi kakata, ya turo kuɗin mota."

"Me ya sa ke kika rantse musu?"

"Gidajen nan na mai gona ne. Wuta da ruwa da sunansa suke zuwa. Ba wanda ke da takarda mai adireshinsa. Ni na daɗe da rajista. Kullum ina ganinsu suna shanya kaya a bayan gidana, in ban san inda suke kwana ba wa ya sani?"

"Kin koma zauren bayan kun jefa ƙuri'a?"

"A'a."

"Da asubar yau fa?"

"Ta can nake wucewa zuwa ɗaya garken. Ban tsaya ba."

"An ga motarki a tsaye."

Ta ɗauki tsumma ta goge teburin da ba shi da datti.

"Madam Olvera, ranar Juma'a za a rubuta sunanki a takardar tuhuma. Shekara biyar ce. 'Ya'yanki nawa?"

"Uku."

"To, me kika gani?"

"Fitila na gani a kunne. Na ɗauka an manta ne, na tsaya. Sai na ga mota a ƙofar baya." Ta ajiye tsumman. "Tsohuwar koriyar mota."

Duk Kettula mutum ɗaya ke da irin wannan motar.

"Me ya hana ki faɗa?"

"Jiya da Stangl ya tare mu a bakin ƙofa yana ihu, ita ta fito. Tsohuwa, ba ta kai kafaɗarsa ba. Ta ce masa, 'Vernon, ka matsa taku ɗari daga ƙofar nan ko in kira 'yan sanda.' Ya matsa. Ita ta koya wa babbar 'yata karatu a teburin kicin ɗinta, ba ta karɓi ko sisi ba. Sai in buɗe baki in ce na ga motarta?"

"Kin riga kin ce."

"Kai ka sa ni," in ji Graciela. "Ina fata za ka iya barci."

Ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe ya tsaya a ƙofar gidan Aili Koskela. Shekararta saba'in da ɗaya. Mijinta ya rasu shekara tara da suka wuce. Ita ta koyar da Sufeto a aji uku, shi da ɗanta Reino a benci ɗaya.

Kafin ya ƙwanƙwasa ya tsaya ya dubi ƙarshen filin gidan. Can ne saunarsu take, ɗan ɗakin katako na wankan tururi. Hayaƙi na fita daga bututunta. A gidajen 'yan asalin ƙasar Finlan na yankinmu ranar Asabar ake hura sauna, tun zamanin kakanni. Yau kuwa Alhamis ce.

"Delmar," in ji ta. "Kakkaɓe takalmanka. Ka rame."

"Ina kwana, Malama."

A soron shiga, inda ake rataye riguna, akwai wata babbar rigar sanyi ta maza. A ƙirjinta an manna ɗan jan sitikan nan da ake ba duk wanda ya jefa ƙuri'a. Sabo ne, gefensa bai ko naɗe ba.

Ta zuba masa kofi, ta yanka masa nisu, burodin nan nasu mai zaƙi. Wasu biyu na cikin tanda suna gasuwa.

"Mutum nawa suka yi rajista shekaranjiya, Malama?"

"Abin da na rubuta."

"Wendell ya ƙirga goma."

"Wendell da ƙyar ya fita aji biyar."

"Waye na sha ɗaya?"

"Mutane da yawa sun shigo. Na tsufa, ba na riƙe fuska."

"Kin je zauren jiya da asuba."

Wuƙar ta tsaya a hannunta. "Na je duba injin ɗumama ɗaki. Kada famfo ya daskare."

"Aikin Wendell ne wannan."

"In na jira Wendell sai bazara."

"Ke kaɗai ce a gidan?"

"Ka ga wani?"

"Rigar da ke soro fa?"

"Ta marigayi ce."

Ya cinye burodin, ya yi godiya, ya ce zai ɗauko abu a mota. A can ya kira ofishin masu sa ido a kan fursunonin da aka saki. Minti huɗu aka ɗauka kafin a samo fayil ɗin.

An saki Reino Koskela a watan Satumba. Ya yi shekara huɗu a gidan yari kan tuƙi cikin maye. A lokacin ne ya buge Toivo Saari. Saura shekara biyu na hukuncin, zai yi su a waje, a ɗaurin talala, yana kai kansa ofis duk wata. Adireshinsa gidan mahaifiyarsa.

Mai ɗaurin talala ba shi da ƙuri'a sai ya gama wa'adinsa kakaf. In ya jefa, sabon laifi ne, kuma a mayar da shi ciki. An canza dokar daga baya. A shekarar nan ba a canza ba.

Sufeto ya zauna a motar har gilashi ya yi hazo. Sannan ya koma.

Tana zaune inda ya bar ta.

"Marigayi ya jefa ƙuri'a shekaranjiya, Malama? Akwai sitika a rigarsa."

Ya ja kujera ya zauna, ya ci gaba.

"Tun Satumba Reino ke kwana a sauna."

"Ɗakin canza kaya na da gado," in ji ta. "Ya ce ba ya iya barci a cikin gida. Ya ce ya yi masa faɗi."

"Ba wanda ya san ya dawo."

"Wa zai gaya wa? Toivo?"

"Ki ba ni labarin ƙarfe biyu da minti goma."

Ta haɗa hannuwanta a kan tebur kamar yadda take yi a aji.

"Ni na ce ya zo. Wata biyu bai shiga cikin mutane ba. Na ce masa, Reino, ubanka bai taɓa fashin zaɓe ba, kakanka ma haka. Ka zo ka sa hannu a shafi ɗaya da mutane. Ya zo da ƙafa ta cikin daji, ya tsaya a bayan zauren awa guda yana jiran a watse. Da su Wendell suka fita na buɗe masa ƙofar baya. Bai san wurin wa suka fita ba. Ban gaya masa ba."

"Ba shi da takardar adireshi."

"Ni na rantse masa. Ni na haife shi, na san inda yake kwana."

"Akwai layi a fom ɗin da ke magana a kan hukunci."

"Ya nuna min shi da yatsa. Ya ce, 'Mama, wannan fa?' Na ce ai ka gama, sa hannu." Ta dubi taga. "Shekara talatin da huɗu ina karanta wa mutane layin nan, Delmar. Na san dokar fiye da kai. Abin da ban sani ba shi ne hukuncin ɗana. Ban je kotu ba. Da ya dawo ban tambaya ba, shi ma bai faɗa ba. A gidan nan ba a maganar. Na ga an sake shi, na ɗauka shi ke nan."

"Yaushe kika gane?"

"Da na dawo gida. Ya ce in ara masa mota ranar Litinin zai je ofis. Na ce wane ofis? Ya ce na sa ido, ai duk wata yake zuwa, da bas yake tafiya, saura shekara biyu. Yana faɗa yana cin miya. Yana ta murna da sitikansa."

"Kin gaya masa?"

"A'a."

"Me ya sa kika kwashe duka?"

"Shafin sa hannu ɗaya ne, sunansa na ƙasa. In fom ɗaya ya ɓace za a nemi mai shi. Na ce in duka ne, za a ce tsohuwa ta ruɗe ta yar da su a ƙanƙara. A sallame ni, shi ke nan. Na manta na riga na rubuta sha ɗaya a takardar sakamako, an kuma buga wa Loretta waya da ita."

"An jefi gidan Graciela Olvera da ƙwai. An dakatar da ita daga aiki. Gobe za a tuhume ta."

Tsohuwar ta ɗago kai. "Graciela? Me ta yi?"

"Vern ya ce ita ta sace su don ta ɓoye rantsuwar ƙarya. Ta ga motarki da asuba. Ta yi min ƙarya don ta rufa miki asiri, har sai da na ambaci 'ya'yanta."

"Ba wanda ya gaya min. Na cire wayar tun jiya."

Sannan ta tashi, ta buɗe kabad, ta sauko da gwangwanin gari. A bayansa ambulan ɗin yake, babba, ruwan ƙasa. Kusurwa ɗaya ta yi baƙi.

"Na kai shi bakin murhu," in ji ta. "Hannuna ya ƙi."

Ya sa safar hannu ya buɗe. Fom takwas da rantsuwar Graciela, kowanne a cike daidai. Biyu na masu gonar Niemi. Na ƙarshe da rubutun Reino, manyan haruffa a tsaye, irin waɗanda aka koya musu a aji uku.

"Delmar. Ka ɗauki goma. Goma sun ishe ta ta fita."

"Shafin na da sa hannu sha ɗaya, Malama."

"Almakashi na cikin aljihun tebur."

"A'a."

"Benci ɗaya kuka zauna."

"Na sani."

"Za su mayar da shi. Bai san komai ba, ni na ce ya sa hannu."

"Zan rubuta haka, kalma da kalma. Zan faɗa a gaban alƙali in an kira ni. Abin da zan iya ke nan."

Ƙofar soro ta buɗe. Reino Koskela ya shigo da itace a rungume. Dogo ne, gashinsa ya yi fari kafin lokaci. Ya dubi Sufeto, ya dubi ambulan ɗin, ya dubi uwarsa.

"Del."

"Reino."

"Tun ɗazu nake soro," in ji shi. Ya ajiye itacen a hankali. "Ni na ɗauke. Na saci makullinta tana barci."

"A ina akwatin yake a zauren?"

"A kan tebur."

"A cikin kabad ɗin tuta yake. Wane launi ne?"

Reino ya dubi uwarsa.

"Zauna, sakarai," in ji uwar. "Tun kana yaro ba ka iya ƙarya ba."

Ya zauna.

"Ashe ban da ƙuri'a," in ji shi.

"Ba ka da ita. Sai nan da shekara biyu."

"Ba wanda ya gaya min. Ko an faɗa ban ji ba. Takardu suka ba ni cike da leda ranar da na fito." Ya yi 'yar dariya. "Minti goma na yi a bayan labulen jefa ƙuri'a, Del. Har alƙalan da ba su da abokin takara sai da na cike musu. Ban so in fito ba."

"Da na tambaye ka," in ji Aili. "Tambaya ɗaya."

"Da na faɗa miki, Mama."

Sufeto ya kira Loretta Wieber daga soro. Ya ce takardu sun fito, na Graciela Olvera takwas lafiyarsu lau, a gaya wa mai gabatar da ƙara, a kuma kira mai gona. Loretta ta tambaye shi wa ya ɗauke. Ya faɗa mata.

Ya koma kicin ya karanta wa malamarsa haƙƙoƙin da doka ta ba wanda aka kama. Ta saurara har ƙarshe, ba ta katse shi ba.

"Kin fahimta?"

"Na fahimta. Ni na ɗauki ambulan ɗin daga akwatin zaɓe da ƙarfe biyar na asubar Laraba. Ba wanda ya taya ni. Rubuta haka." Ta miƙo hannuwanta biyu.

"Ba sai da ankwa ba."

"Haka kake yi wa kowa?"

"A'a."

"To, ka gode wa Allah na gaji da gardama."

Ta cire rigar girki ta ninke. Ta sa rigar sanyinta ta zuwa coci da hula. Ta ciro makullin zauren daga jaka ta ajiye a tebur.

"A ba Bernice. Kada a ba Wendell biyu, zai yar da su. Reino, burodi na tanda, minti biyar ya rage. Ka kai wa Graciela ɗaya."

"Mama."

"Kada ka tsaya kana kallona. Tanda."

Sufeto ya riƙe mata hannu a kan matakala saboda santsi. Ya buɗe ƙofar baya ta shiga, ta zauna a miƙe, jakarta a cinya. Ya juyo wajen Reino, wanda ya biyo su har bakin soro ba riga.

"Gobe da ƙarfe takwas rahotona zai isa ofishin sa ido. Kafin nan ba wanda zai zo."

Reino ya juya. Ya koma ciki.

Sufeto ya tayar da mota. Yana shirin juyawa ya hango Reino ta madubi. Ya fito da rigar sanyin a jikinsa da burodi biyu naɗe a tawul. Ya tsallaka filin zuwa sauna, ya ɗan jima a ciki, hayaƙin bututun ya koma fari ya mutu. Ya dawo, ya jawo ƙofar gidan ya rufe, ya murɗa makulli.

Ya zo ya ƙwanƙwasa gilashin motar.

"Mu biya ta gidan matar nan in ajiye mata wannan," in ji shi. "Daga nan tare za mu tafi. Ba zan jira gobe ba."